Idan Jari Ya Karye: Kwana Tara a Ƙasar Adar

Direban da ya ɗauke mu daga Kwanni ya ce in dawo gaba, wai mutumin Kano ba ya jure ƙurar baya. Ban yi masa gardama ba. Daren jiya a Sakkwato na kwana, da hantsi na tsallaka iyaka ta Illela, na ba wani ɗan canji damin naira ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Disamba ce, hunturu ya sauka, an gama ɗaure hatsi an kai rumbu. A Tsarnawa muka bar babban titin da ya haɗa Yamai da Damagaram muka miƙe arewa. Daga nan ƙasa ta fara sauya fuska: ja, tsandauri, baƙaƙen duwatsu zube kamar da gangan aka watsa su, sai can ka gangara wani kwari ka ga kore shar, mutane sun duƙa cikin fangalin albasa.

Motocin da muke gilmawa da su kuwa kowace cike take da samari, jakunkuna a sama, rawani ko bargo a wuya.

"'Yan biɗa na," in ji direba. "Sun ƙare aikin gona, sun tahi. Sai damana in Allah ya kai mu. Wasu ko sai shekara ukku."

Biɗa, wato nema. Abin da mu muke kira cin rani, amma na Adarawa ya fi namu nisa da daɗewa. Abijan suke zuwa, da Akara, da Kwatano, da Kamaru, da Libiya. Su ne ma dalilin tafiyata.

Wata biyu kafin nan na halarci wani taro a Kano, irin wanda matasa ke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa minti uku ya bayyana sana'ar da ya ƙirƙiro, masu kuɗi suna zaune a gaba suna rubuce-rubuce. Kusa da ni akwai wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Ba'adare, wanda ya rako ɗansa. Da aka tashi sai ya karkato ya ce mini, "Malam, mu mun daɗe muna wanga abu. Majigi ɗai na ba mu da." Ya ce in ina son gani da ido in je Tawa in sauka wajen wansa.

Ga wanda bai san abin da ake yi a irin wannan taro ba, asalinsa daga Amurka ne. Akwai attajirin da ke zuba kuɗin aljihunsa a kamfanin da bai ma tsaya da ƙafarsa ba, a ba shi wani kaso na mallakar kamfanin. Turawa suna kiransa da sunan mala'ika, laƙabin da aka aro daga masu ɗaukar nauyin wasan kwaikwayo a birnin New York. Ni dai bakina bai iya kiran mai kuɗi mala'ika ba, sai in ce uban jari. Misalin da aka fi ambata shi ne na Andy Bechtolsheim, wanda a 1998 ya rubuta wa wasu ɗalibai biyu cakin dala dubu 100 tun kafin a yi wa kamfaninsu rajista. Kamfanin shi ne Google. Akwai kuma gidajen renon kamfanoni, waɗanda ke tara matasa rukuni-rukuni, su ba su ɗan jari da horo na wata uku, a ƙarshe su tsayar da su gaban manyan masu kuɗi. Mafi suna shi ne Y Combinator, da aka kafa a 2005. Ta hannunsa Paystack na Legas ya bi a 2016, bayan shekara huɗu kuma kamfanin Stripe ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Wannan labari na ƙarshe shi ne ke hana samarinmu barci.

Mun shiga Tawa da la'asar sakaliya. Gari ne da ya tashi daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, ya zama mahaɗar manomi da makiyayi, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace da Balarabe ke cin kasuwa ɗaya ranar Lahadi. Daga nan hanyar da ake kira ta yuraniyom ke wucewa Agadas da Arlit. An yi masa kwalliya a 2017, lokacin da ya karɓi bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, kuma har yanzu ana ganin fitilu da shatale-talen lokacin. Amma abin da ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni yake nuna mini daban ne. Duk gidan siminti mai ƙofar ƙarfe da muka wuce sai ya ɗaga haɓa ya ce, wancan kuɗin Abijan, wancan na Libiya, wancan kuma mai shi yana Gabon, shekara goma bai zo ba.

Mai masaukina dattijo ne mai furfura, siriri, ba ya ɗaga murya. Alhaji kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Bayan sallar isha aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wani yaro ya hura gawayi ya ɗora buta. Na kwashe labarin Amurka na ba shi. Na ce yanzu gidan renon Y Combinator yana ba kowane kamfani dala dubu 500.

Ya yi shiru yana lissafi da yatsa a kan tabarma. "To ai ba su da yawa. Wanga ko tirela guda ta albasa ba ya cikawa in ta yi tsada."

Sai da yaron shayi ya fashe da dariya na gane inda muka saɓa. A Nijar dala ita ce sefa biyar, jika kuma sefa dubu. Alhaji ya ji miliyan biyu da rabi ne. Da na gyara na ce dalar Amurka nake nufi, wajen sefa miliyan 300, sai ya ajiye kofinsa.

"Yaro guda?"

"Yara biyu ko uku, Alhaji."

"Ɗiyan wa na?"

Na ce ba a tambaya. Ya dube ni kamar wanda aka ce masa an ɗaura aure ba a san dangin ango ba.

Shi ya bar gida ne a yunwar 1984, wadda a nan ake kira El Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina shigowa. (Ban san sunan tsohon shugabanmu ya zama sunan yunwa a wata ƙasa ba sai daren nan, kuma ban ji daɗi ba.) Yana ɗan shekara sha bakwai ya isa Abijan, zamanin Shugaba Ufwe Bwanyi, ba ya jin Faransanci ba ya jin Jula. Abin da ya riƙe kawai sunan wani mutumin ƙauyensu ne mai kanti a unguwar Ajame. Mutumin bai tambaye shi abin da ya iya ba. Ya nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma cikin samari goma sha, ya ce ga tukunya can. Wata uku yana dako da aike, ba a ba shi ko dala ba.

"Kallona shi kai," in ji Alhaji. "Shina aike na da jika guda in sawo abin sefa ɗari tara, shi ga ko canji na dawowa."

Sannan aka ɗora masa tire: batir, ashana, reza, madubi. Da dare ya kawo lissafi. Daga tire ya koma teburin shayi da burodi a bakin wata tasha, daga tebur ya koma rumfa. A shekara ta shida maigidan ya kira shi gaban mutane, ya ba shi kayan da suka cika ƙaramin kanti, ya sa masa albarka. An yaye shi ke nan. Shi ma daga baya ya yaye wasu. Ya fara ƙirga su da suna, da ya kai ashirin da wani abu sai ya bari.

Na zauna ina jera abin a raina. Wurin kwana kyauta, horo a hannun wanda ya riga ka, gwaji da ƙaramin kuɗi kafin babba, shigar da kai cikin mutanen da za su ba ka kaya bashi saboda sun san wanda ya tsaya maka, sannan ranar yaye a bainar jama'a. Ƙanen Alhaji bai yi ƙarya ba, majigi ne kawai babu. Masu bincike ma sun daɗe da gani. Abner Cohen ya rubuta yadda masu gida a Sabo ta Ibadan ke riƙe cinikin shanu da goro da amana da bashi, a littafinsa na 1969, Emmanuel Grégoire kuma ya bi diddigin ubangida da baransa cikin alhazan Maraɗi a 1986.

Na tambaye shi me maigida ke samu, tunda ba ya karɓar kaso.

"Mutum shi ka samu." Yaron da ka yaye daga wajenka zai riƙa sarin kaya. In ka aiko ɗanka shi zai sauke shi. In ka mutu shi zai tsaya kan iyalinka. Mai jarin Amurka yana riƙe wani kaso na kamfani, ranar da ya ga dama ya sayar ya kama gabansa. Maigidan Adar ba ya riƙe takarda ko ɗaya, amma kasonsa ba ya sayuwa, ba ya kuma ƙarewa.

Kwana uku bayan haka ɗan Alhaji ya goya ni a babur muka yi arewa, ƙasar Barmu, inda uwarsa ta fito. Nan ne Adar ke ƙarewa a hankali. Gonaki suna sirancewa, gawo yana ba aduwa da magarya wuri, kaɗan gaba kuma sai ƙasar makiyaya, wadda dokar 1961 ta shata wa iyaka ta ce noma ya tsaya nan. Mun yi shawarar kada mu zarce can sosai. Tun kisan gillar da aka yi a yankin Tilliya a Maris 2021 ba a shiga arewa maso yamma da ka.

Ƙauyen da muka sauka, in ka cire tsofaffi da yara, na mata ne. Su ne a bakin rijiya, su ne a masussuka, su ne ke kora jaki. Masallacin siminti ne, 'yan Abijan suka gina. Akwai mai cajin waya da faifan hasken rana, nan mata ke jiran kira, in an ce an turo kuɗi sai a aiki yaro gari ya karɓo a kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza. Kakar abokin tafiyata ta dama mana fura da nono mai tsami, ta kawo cuku.

Ranar ta dace da zaman asusun matan ƙauyen. Mata wajen ashirin da biyar a inuwar bedi, akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. Wannan tsari, Mata Masu Dubara, a jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, aka ɗora shi a kan adashin da mata suka gada, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Abin da aka ƙirƙira a ƙasar Hausa aka kai wa duniya ke nan, ba mu cika faɗa ba. Kowace ta zuba nata, mai bukata ta ranta, ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli, ko ta sayi ɗan tunkiya ta turke.

Na ce da shugabarsu, "Inna, in tunkiyar ta mutu fa?"

"Sai ta biya mana. Kuɗɗin mutane na."

"Ko ba laifinta ba ne?"

"Ɗana, akwati bai san laihi ba."

A hanyar dawowa muka ratsa ta Tabalak, babban tafkin da ke kan titin Agadas, muka ci soyayyen kifi a tsakiyar ƙasar da ba ka zaton ganin ruwa. Amma maganar tsohuwar ce ta riƙe ni. Na tuna ban tambayi Alhaji ba: cikin waɗanda ya yaye, wa ya karye, kuma me ya same shi?

Da na tambaya daren nan, ya daɗe bai amsa ba. Ya ce akwai. Wani gobara ta cinye rumfarsa. Wasu rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2011 ya kwashe musu komai, suka dawo da rigar jikinsu. Waɗannan ba a ganin laifinsu, abin ya shafi kowa. Amma wanda ya karye shi kaɗai, kasuwa na ci ga kowa shi tasa ta ƙi, wannan sunansa ya ci jari. Ba wanda zai kai shi kotu. Ba wanda zai sake ba shi kaya kuma. Labari zai riga shi isa ƙauye, uwarsa ta ji a bakin rijiya, in yana neman aure a fara jan ƙafa. Alhaji ya ce ya san wanda ya shekara goma sha biyar bai taka gida ba, ba don komai ba sai wannan. Ana cewa irinsu sun bi iska.

Nan ne, a ganina, hanyoyin biyu suka rabu. Uban jarin Amurka ya shiga ne da sanin cewa mafi yawan kamfanonin da ya taɓa za su mutu, ɗaya ko biyu ne za su mayar masa da komai har da riba. Saboda haka ba mai kiyaye jari yake nema ba, mai iya ninka shi ɗari yake nema, wanda ya faɗi kuma yana iya dawowa gobe da wata dabara a saurare shi. Yaron Adar kuwa ya san kuɗin da ke hannunsa mutuncin gidansu ne. Wa zai yi gwaji da mutuncin gidansu? Sai ya sayar da abin da na gaba da shi ya sayar, a inda ya sayar, a kan farashin da ya sayar. Tsarin yana fitar da dubban masu kanti, kuma ya ciyar da ƙasar da ruwan sama ya sha yi wa rowa. Ba ƙaramin abu ba ne. Sabon abu ne dai ba ya haifarwa sai da ƙyar.

Kada a ce tsoron asara ne ke damun alhazan. Mutumin da zai loda tirela da albasar Galmi, kayan da ke ruɓewa, ya tura ta Akara ko Abijan ta ratsa iyakoki da shingaye, a shekarun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yuli 2023 har mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale, wannan ba matsoraci ba ne. Kada kuma a ce ba sa son sabon abu. A 1989 wasu manoma daga yankin Illela, ta Adar ba tamu ta Sakkwato ba, suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwa ya taru a shuka a ciki. Suka dawo suka gwada, a nan ana ce masa tassa. Da hatsi ya fito a inda ko ciyawa ba ta fitowa, sai masu kuɗi suka fara sayen fako, ƙasar da da ko kyauta ba a so, suna ɗaukar 'yan ƙwadago su haƙa musu. Gani ya kori ji. Sai dai wani ne ya biya kuɗin motar zuwa Yatenga, wani aikin raya karkara na asusun IFAD, kamar yadda Italiya ta ɗauki nauyin aikin Keita tun 1984, inda mata suka yi ta jidar duwatsu suna tare zaizayar ƙasa. Gwajin farko, wanda zai iya faɗuwa, da kuɗin baƙo aka yi shi.

Saurayin da ya sa na ga abin a fili jikan wata 'yar'uwar Alhaji ne. Ya gama karatun tattalin arziki a jami'ar garin, wadda aka kafa a 2010, yanzu take ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Na same shi a fadarsu, wato majalisar shayi ta samari, da kwamfuta a cinya. Ɗan manomin albasa ne daga wajen Tamaske, ya san ciwon sana'ar. Kowa yana cire albasa lokaci ɗaya, wajen Maris da Afrilu, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ya iya riƙe ta zuwa ƙarshen damina zai sayar da ninkin kuɗin, wani lokaci ninki uku ko fiye. Amma a rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ajiye ta, zafi da laima suna cinye kaso mai yawa kafin lokacin. Shi ya zana rudu na tubali mai ramukan iska da 'yar fanka mai aiki da hasken rana, manomi ya ajiye buhunsa ya biya haya, a riƙa sanar da shi farashin kasuwanni ta waya.

Ya taɓa zuwa Yamai, inda cibiyar CIPMEN ke renon ƙananan kamfanoni tun 2014. Ya san labarin Abdu Maman Kane, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro ban ruwan lambu ta wayar salula har ya ci kyaututtuka a waje. Ya cika takardar neman dala dubu 5 na gidauniyar Tony Elumelu. Amma Yamai ta fi kilomita 500 daga nan, komai da Faransanci ake yi, kuma tun 2023 masu ba da tallafi da yawa sun naɗe tabarmarsu. Kuɗin da yake nema bai kai na tirela guda ba, ga su nan kuma a unguwarsu, cikin aljihun kakansa.

"Ka gaya masa?"

"Na hwaɗa mai, Kawu. Ya ce in tai Abijan in yi shekara biyu wurin yaronai, in na dawo mu yi magana."

Ranar Juma'a bayan an sauko Alhaji ya kai ni gaida malaminsa, wani tsoho da ke karantar da Risala da Muwaɗɗa a zaurensa. Na ga dama ta samu, na ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya ba wani kuɗi ya juya, aka yi asara, wa ke ɗauka?"

Malam ya gyara zama, da alama tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce wannan shi ne ƙiradi, wasu su ce mudaraba, kuma Imamu Malik ya ware masa babi guda, ya buɗe shi da labarin 'ya'yan Sayyidina Umar biyu da dukiyar da Abu Musa ya ba su su yi fatauci da ita daga Iraƙi zuwa Madina. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo jiki. Riba a raba bisa kason da aka yi alkawari tun farko, rabi ko sulusi. In an yi asara ba da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa, ba a bin sa ko dala. In ma mai kuɗi ya gindaya sharaɗin sai an lamunce masa uwar kuɗinsa, ƙiradin ya ɓaci.

Na saci kallon Alhaji. Yana jan carbi.

Malam bai gama ba. Ya ce ƙiradi da tsabar kuɗi ake ƙulla shi, ba da haja ba. "Su ko alhazanmu kaya su ka badawa. Ga atamfa turmi kaza, kuɗɗinta kaza, in ka saida ka kawo. Wanga ciniki na bisa bashi. Halal na, amma bashi na. In ta ƙone, taka ta ƙone."

Ban taɓa jin an warware mini wani abu da gajeriyar magana haka ba. Abin da matasan Kano ke haddacewa da Turanci a intanet, cewa mai jari ya raba asara da kai ba ya bin ka bashi, yana nan cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu shekaru ɗaruruwa. Mun karanta babin, mun ba da fatawa da shi, kasuwa kuma ta bi ta wata ƙofa. Ban ga laifin alhazan ƙwarai ba. Inda babu rubutaccen lissafi, ta yaya za ka bambanta wanda kasuwa ta kayar da wanda ya ci ya goge baki? Bashi ya fi sauƙin tsarewa, kunya ce ɗan sandansa. Ƙiradi yana bukatar littafin shiga da fita wanda duka biyun suka yarda da shi, abin da yaron da ya karanta lissafin kuɗi a jami'a ya iya, kakansa kuma bai saba karɓa daga hannun yaro ba.

A hanyar gida Alhaji bai ce komai ba sai da muka kusa ƙofa. "Malam ya hwaɗi gaskiya. Amma Malam bai taɓa ba yaro kaya ba."

Daren da zan tafi aka sake shimfiɗa tabarma. Saurayin ya zo gaida kakansa, ya durƙusa nesa kaɗan. Ban san ko wani ya tura shi ba. Ni dai ban tura shi ba. Alhaji ya bar shi a durƙushe har aka zuba shayi na biyu, sannan ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"Wanga rudu naka. Guda nawa shi kai?"

Yaron ya faɗi kuɗin.

"Ka gina ƙarami, bayan gidan gona. In an hidda albasa in ba ka buhu talatin cikin nawa, talatin kuma mu sa rudun kara kusa da shi. Watan tara mu buɗe duka biyu."

"To Baba, in ta lalace fa?"

Na ga yaron shayi ya tsaya da buta a sama. Alhaji ya kurɓa, ya tauna ganyen da ya shiga bakinsa, ya tofar gefe.

"Kai dai gina."

Da asuba ɗan Alhaji ya kai ni tasha. Motar Yamai ta riga tamu cika, samari ne fal, wasu ba su fi sha shida ba. Wani dattijo ya riƙe hannun ɗaya daga cikinsu ta taga yana maimaita masa sunan mutum da sunan unguwa, yaron yana gyaɗa kai, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Mai shayi ya miƙo mini canjina, dala arba'in, na tsaya ina ninkawa da biyar kafin in sa a aljihu.